Sifirin ko igiya: me zai hana kan keke juyawa?

Keken doguwar tafiya idan ya sha kaya a gaba, da ka jingine shi sai kan ya juya, keken ya kife.

Sifirin ana ɗaura shi tsakanin ƙarfen da ke riƙe tayar gaba da sandar firam ta ƙasa. Kullum yana jawo kan ya dawo tsakiya, ba sai ka tuna da shi ba. Amma kaya masu nauyi kan fi ƙarfinsa, kuma kana jin jansa a kwana mai tsini.

Igiya kuwa, ka ɗaure taya da sandar, kan ya tsaya cak, tayar ma ba ta gangarawa. Sai dai kowace tsayawa ɗauri, kowane tashi kwancewa. Ni dai igiya nake ɗauka, don komai nauyin kaya tana riƙewa.