libkse ko libthr: wanne ya dace da MySQL a FreeBSD 6?

Ɗan'uwa, ka ce kana da tsohuwar saba mai FreeBSD 6 da MySQL a kanta, kana tambaya ko ka bar ta da libpthread ɗin da ta zo da shi ko ka koma libthr. Dukansu laburare ne da ke kula da zaruruwa (threads), wato ƙananan ayyukan da manhaja ɗaya ke gudanarwa a lokaci guda. Ni dai libthr zan ce maka.

Bambancin yana ga wanda ke raba wa zaruruwa lokacin aiki. Wancan libpthread ɗin, wanda aka fi sani da libkse, tsarin M:N yake bi: manhaja na iya buɗe zare ɗari, amma 'yan kaɗan kanel, wato zuciyar FreeBSD ɗin kanta, ya sani. Akwai mai rabo a cikin laburaren, akwai wani a kanel. Da zarar wani zare ya tsaya jiran faifai, sai kanel ya taɓo laburaren ya ce a ɗora wani. A takarda abin gwanin sha'awa, don sauya zare ba sai an shiga kanel ba. A aikace kuwa sarki biyu ne a gari ɗaya: kullewa ta yi yawa, isar da sigina ta zama ciwon kai, in kuma manhaja ta maƙale, gano inda ta maƙale sai an sha wuya.

Shi libthr, wanda Jeff Roberson ya fara rubutawa a 2003, David Xu ya gyara shi sosai daga baya, ba ruwansa da wannan. Zare ɗaya na manhaja, zare ɗaya a kanel. Kowane zare yana cin ɗan wuri a ƙwaƙwalwar kanel, wannan ce tsadarsa. Amma MySQL da ke buɗe zare ga kowane mai haɗuwa da shi ya fi sakewa a nan, musamman in injin na da furosesa fiye da ɗaya.

Gwadawa ba wuya. Buɗe /etc/libmap.conf ka rubuta:

[mysqld]
libpthread.so.2 libthr.so.2

Ka kashe mysqld, wato manhajar sabar MySQL, ka sake kunna shi. In bai yi maka ba, goge layukan biyu, ka koma inda kake.

Su ma masu FreeBSD can suka karkata: a 7.0 na 2008 libthr ya zama na asali, a 8.0 na 2009 aka cire KSE, tsarin kanel da libkse ke dogara da shi, gaba ɗaya. Af, FreeBSD 6 fa tun 2010 aka daina yi masa gyaran tsaro, in sabar nan tana kan intanet ka fara shirin ɗaga ta.