Wasiƙa Daga Jamus: Kwana Nawa Ya Kamata a Ba Ma'aikaci Hutu?

Assalamu alaikum, Yaya. Da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Ka tambaye ni yadda ake tafiyar da hutun shekara a nan Jamus, da kuma kwana nawa ya dace ka rubuta wa mutanenka a sabuwar takardar yarjejeniyar aiki. Saƙon waya ba zai ɗauki amsar ba, shi ya sa na zauna na rubuto.

Abin da nake gani shi ne mako huɗu, wato kwanakin aiki 20 ga mai aikin kwana biyar a mako, da cikakken albashi, ban da ranakun hutun da gwamnati ke bayarwa. Ga abin da ya kai ni ga wannan adadin.

Dokar hutu ta Jamus ta fito ne a 1963. A yadda take yanzu, ta ce kwana 24, amma da Asabar a cikin lissafin, don haka mai aikin Litinin zuwa Juma'a kwana 20 ke nan. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta, babu kamfanin da ya isa ya yi ƙasa da shi. A wurare da yawa ƙungiyoyin ƙwadago sun ja shi har zuwa kwana 30, kuma haka yake a babban siton da nake aiki. Mutum yana samun cikakken haƙƙinsa ne bayan ya yi wata shida a wurin.

Sai dai ba yawan kwanakin ne ya fi ɗaukar hankalina ba, tsarin ne. Tun shekara ba ta kama ba shugaban sashenmu yake fito da jadawali, kowa ya rubuta lokacin da yake so. In mutum biyu suka haɗu a kan mako ɗaya, sai a duba halin kowa: mai yara 'yan makaranta yakan samu fifiko a lokacin hutun makarantu. Doka ta ce in an raba hutun, dole kashi ɗaya ya kai mako biyu a jere, saboda sun fahimci cewa kwana ɗaya yau, kwana ɗaya wata mai zuwa, ba ya sauke gajiya. In ka kwanta rashin lafiya a tsakiyar hutunka ka kawo takardar likita, ba za a ƙirga kwanakin jinyar ba, za a mayar maka da su. Ba a yarda ka ɗauki hutu ka je ka kama wani aikin kuɗi da zai ɓata manufar hutun ba. Ana so ka cinye kwanakinka a cikin shekarar, in akwai uzuri mai ƙarfi a ɗaga maka zuwa 31 ga Maris. A 2018 kuma Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa hutun ma'aikaci ba ya faɗuwa haka kawai, sai in kamfani ya tunatar da shi ya kuma ba shi damar tafiya. Shi ya sa za ka ga shugaba yana bin mutum yana cewa, "Har yanzu kana da sauran kwanaki, yaushe za ka tafi?" Gani ya kori ji, Yaya. Da wani ne ya ba ni labari kafin in zo, da wuya in yarda.

Maƙwabtan Jamus ma haka suke. Dokar Tarayyar Turai ta sa mako huɗu a matsayin mafi ƙanƙanta ga duk ƙasashenta, ta kuma hana a sayi hutun da kuɗi, sai dai ranar da mutum zai bar aikin. Faransa ta wuce nan, amma ba dare ɗaya ta kai ba. A 1936, zamanin gwamnatin Léon Blum, bayan yajin aikin da ya game ƙasar, aka ba ma'aikata mako biyu. Ya zama uku a 1956, huɗu a 1969, sannan biyar a 1982 zamanin François Mitterrand. A Suwidin kwana 25 ne, kuma ma'aikaci yana da haƙƙin mako huɗu a jere tsakanin Yuni da Agusta. A Holan, bayan kwanakin, akwai alawus na hutu na kashi 8 cikin 100 na albashin shekara, wanda aka fi biya a watan Mayu. Na Birtaniya kuwa sai an kula: za ka ji an ce kwana 28, amma doka ta yarda kamfani ya cusa ranakun hutun gwamnati a ciki, waɗanda a Ingila guda takwas ne. In ka cire su, mako huɗun dai aka dawo.

Kada ka ɗauka duk ƙasar da ke da arziki haka take. Amurka ba ta da dokar tarayya da ta tilasta wa kamfani ba da hutun shekara ko na kwana ɗaya. Abin da kamfani ya ga dama ne. Sabon ma'aikaci yakan samu kamar mako biyu, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu aiki a kamfanoni masu zaman kansu ba su da hutu mai albashi sam, yawancinsu kuwa masu ƙaramin albashi ne. 'Yan'uwanmu da ke can sun fi mu samun kuɗi a wasu ayyukan, amma sai ka ga mutum ya shekara da shekaru bai leƙa iyayensa ba, domin tafiyar tana nufin asarar albashi, wani lokaci har da asarar aikin. A Japan kwanakin suna nan a takarda, 10 bayan wata shida, suna ƙaruwa har 20, amma mutane suna jin nauyin ɗauka don kada a ce sun bar wa abokan aiki kaya. Sai da gwamnati ta tilasta wa kamfanoni a 2019 su tabbatar kowa ya ɗauki aƙalla kwana biyar. A Saudiyya kwana 21 ne, ya koma 30 bayan shekara biyar a wuri ɗaya, kuma akwai hutun aikin Hajji na kwana 10 zuwa 15 sau ɗaya, daban da na shekara. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana ba da kwana 30 bayan shekara guda.

Yanzu mu dawo Najeriya. Dokar ƙwadago ta 1974, a sashe na 18, ta ce wanda ya yi wata goma sha biyu a jere yana da aƙalla kwanakin aiki shida. Shida kacal. Wannan adadi iri ɗaya ne da wanda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa a yarjejeniyarta ta 1936, ita kuwa ƙungiyar tun 1970 ta ɗaga shi zuwa mako uku, ta ce mako biyu daga ciki su kasance a jere. Abin yana ci mini rai. Kuma ba zancen talauci ba ne, domin Ghana tana ba da kwanakin aiki 15, Nijar kuma kwana biyu da rabi a kan kowane watan aiki, wato kwana 30 a shekara. Don haka in akawunka ya ce maka doka shida ta ce, gaskiya ya faɗa, amma doka ta nuna maka iyakar da in ka yi ƙasa da ita ka yi laifi ne, ba ta ce nan ne adalci ba. Ka tuna direbanka da iyalinsa suke wata jiha mai nisa. Kwana biyu sun tafi a hanya, zuwa da dawowa. Me ya rage masa?

Na san abin da zai fara zuwa maka shi ne lissafi, kuma ka yi daidai. Mako huɗu cikin 52 kashi ɗaya ne cikin goma sha uku. Ma'ana, in kana da ma'aikata 13, kullum akwai mutum ɗaya da ba ya nan, kuma kana biyansa. Ba ƙaramin abu ba ne, ban kuma raina shi ba. Amma ka duba abin da kake biya yanzu ba tare da ka rubuta shi a littafi ba. Wanda ba shi da hutun da ya sani, zai ɗauke shi ta wata hanya: yau ciwon kai, gobe uzurin da ba ka isa ka bincika ba, kuma a ranar da aiki ya fi yawa. Hutun da aka tsara tun watanni kafin lokacinsa kana iya shirya masa, wanda ya faɗo da asuba kuwa ba ka iyawa. Ga kuskuren gajiya, wanda a hannun direba ko mai aiki da inji yakan zama asarar dukiya, ko ta rai. Ga kuma ƙwararren da zai bar ka don ya ƙosa, ka koma koya wa sabo daga farko. Ko gona akan bar ta ta huta kafin ta sake ba da amfani.

Akwai wata fa'ida da ban taɓa tunaninta ba sai da na zo nan. Tunda kowa zai tafi hutu, dole kowane aiki ya zama akwai mutum na biyu da ya iya shi. A sitonmu babu wanda in ba ya nan komai zai tsaya. Bankuna a ƙasashe da yawa ma tilasta wa masu riƙe da kuɗi suke yi su tafi hutun mako biyu a jere, don wani ya zauna a kujerarsu ya ga littattafan, saboda almundahana tana buƙatar mai ita ya kasance kullum yana rufe ta. Ma'ajin da ya ce maka shi ba ya son hutu, wataƙila amana ce da ƙwazo, amma duk da haka ka tura shi.

Abu biyu nake roƙonka a kansu musamman. Na farko, kada ka bambanta manya da ƙanana. A aikin gwamnati a gida, mai babban mataki ya fi na ƙasa yawan kwanaki, kamfanoni kuma suka kwaikwaya. Ban ga dalili ba. Maigadin da ke kwana a tsaye da mai ɗaukar kaya sun fi wanda ke zaune a ofis buƙatar sauke jiki. Dokar Jamus ba ta duba muƙami, rauni take dubawa: mai naƙasa mai tsanani ana ƙara masa kwana biyar, yaron da bai kai shekara 16 ba kuma kwana 30 ne nasa a lissafin mako mai kwana shida. In za ka ƙara wa wani, ka ƙara don daɗewarsa tare da kai.

Na biyu, kada ka sayi hutun. Za su zo da kansu su ce a ba su kuɗin su ci gaba da aiki, kuma na fahimce su ƙwarai, domin mu ma nan akwai masu fatan haka saboda buƙatun gida. Amma in ka buɗe wannan ƙofar, wanda ya fi kowa talauci shi ne ba zai taɓa hutawa ba, shi ne kuma ya fi kowa gajiya. Dokar Najeriya ma ta hana biyan kuɗi a madadin hutu matuƙar mutum yana kan aikinsa. In kana da hali, ka ba da alawus na hutu a kan albashin, ko kaɗan ne, don mutum ya samu kuɗin mota. In ya tafi kuma a ƙyale masa wayarsa. Faransa sai da ta yi doka a 2016, wadda ta fara aiki a 2017, kan haƙƙin ma'aikaci na kashe wayar aiki bayan an tashi, kai kuwa umarni ɗaya ga shugabannin sassanka ya isa.

In ka ga mako huɗu zai yi maka nauyi a bana, ka fara da uku, ka rubuta a takardar cewa kowace shekara za a ƙara kwana ɗaya har a kai 20. Ka sa adadin ƙarara, kada ka bar shi a "sai yadda hali ya yi", domin ma'aikacin da bai san haƙƙinsa ba roƙo zai zo yi, mai kunya kuma ba zai zo ba. Ka keɓe watannin da ciniki ya fi zafi ka ce ba a tafiya a cikinsu, ka fito da jadawalin kafin ƙarshen Disamba.

In ka gama daftarin ka turo mini in duba. A gaida Hajiya da yara.

Ƙaninka.