Fitilar wajen ƙafa a Hilux: ta soket ko wadda rewaya zai haɗa?

Alhaji, ka ce kana so ka sa wa Hilux ɗinka ƙananan fitilu a ƙasan dashbod da ƙarƙashin kujeru, wajen da ake ajiye ƙafa, kuma a Apo an nuna maka iri biyu: wadda ake cusa kanta a ramin kunna sigari, da wadda sai rewaya ya haɗa ta da wayoyin mota. Ka kuma ce dalilinka shi ne sammakon da kake yi zuwa gona ta wajen Kwali, kullum kana laluben makulli ko waya a duhu. To wannan dalilin naka shi ya raba gardamar, domin fitilun biyu ba lokaci ɗaya suke kamawa ba.

Ta soket ita ce wadda ta cika kasuwa. Ziri huɗu na LED, rimot ko manhajar waya ta Bluetooth, launuka kala-kala, wasu har bin kiɗa suke yi. Kai da kanka za ka manna ta, ba a yanka waya ko ɗaya, ranar da ka gaji da ita ka zare. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne ga motar da ba taka ba, ta ofis ko ta kamfani. Amma a Toyota ramin sigari ba ya samun wuta sai an murɗa makulli zuwa ACC, wato matakin da rediyo ke kamawa, ko ON. Ma'ana ka buɗe ƙofa da asuba, wajen ƙafa duhu ne kamar jiya. Sai ka zauna ka sa makulli sannan haske ya zo, alhali makullin kake nema. Ga shi kuma ta cinye maka ramin caja, ta bar maka igiya tana reto kusa da giya.

Ta rewaya kuwa da fitilar rufin mota ake haɗa ta, wadda ke kamawa idan an buɗe ƙofa. Ka buɗe, rufi da ƙasa su haska tare. Ka rufe, su mutu tare. Abin da kake nema ke nan. Sai dai a nan ne aikin yake, kuma a nan ake ɓata motoci, don haka bari in ɗan tsawaita.

A tsarin Toyota, kwan rufi yana da wuta a gefe ɗaya kullum, ko mota a kashe take. Abin da ƙofa ke yi shi ne ta ba shi nagatif idan an buɗe ta. Saboda haka jar wayar LED za ta tafi wajen wuta mai zama kullum, ta bi ta fis, baƙar kuma ta tafi kan wayar da ƙofa ke sarrafawa. Rewayan da bai san wannan ba sai ya ɗaure baƙar a jikin ƙarfen mota kamar yadda ya saba yi wa rediyo, fitila ta kama ta ƙi mutuwa. Da rana a garejin ba lallai a lura ba, tunda hasken ƙasa yake. Mita ɗaya na zirin LED nau'in 5050 mai ƙwaya 60 a mita yana jan kusan wat 14, wato amp ɗaya da ɗan abu a kan bolt 12. Awa 10 na dare ya kwashe sama da 10Ah daga batir mai 70Ah, wato sama da kashi ɗaya cikin bakwai na cajinsa. Lafiyayyen batir zai iya tashi washegari, amma a ajiye motar daga Juma'a zuwa Litinin, musamman mai dizal da ke son batir mai ƙarfi, sai neman masu turi. Tsohon batir ma ba zai kai haka ba.

Sannan wace Hilux ce? Ba ka faɗa ba, kuma akwai bambanci. Idan fitilar rufinka tana mutuwa nan take da rufe ƙofa, aikin mai sauƙi ne. Idan tana dusashewa a hankali, kamar yadda ake gani a sababbin da suka fara fitowa daga 2015, to ƙaramar kwamfutar jikin mota ce ke riƙe da wannan layi. Ita ba ta son a ɗora mata kaya mai nauyi, kuma kuɗin sauya ta ya ninka na fitilar sau da yawa. A irin wannan a tsaya ga gajerun ziri masu launi ɗaya, masu cin wuta kaɗan. Akwatin rimot na mai launuka ba ya jituwa da wutar da ke raguwa a hankali, sai ka ga fitila tana ƙyafta ido kafin ta mutu. Rile ma, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa da kanta, idan aka sa, wani yakan yi ta ƙugi a daidai wannan lokacin. Akwatin rimot ɗin kuma, in aka ba shi wuta mai zama kullum, yana shan batir kaɗan-kaɗan ko fitila a kashe take, domin yana jiran umarnin rimot.

Abu biyu kada ka bari a yi a gabanka. Na farko, feƙe waya a murɗa wata a kai a naɗe da salatif, ba fis. Akwai ɗan abin da ake sakawa a akwatin fis ya fitar da sabon layi da nasa fis ɗin daban. Na amp 2 ko 3 ya wadatar. Fis ba fitila yake karewa ba, waya yake hanawa ta yi zafi ta kama kafet idan ta goge a jikin ƙarfe. Na biyu, duk waya ko soket mai ruwan ɗorawa a ƙasan sitiyari da ƙarƙashin kujera a ɗauke shi na jakar iska ne, wadda ke kumbura ta kare mutum a haɗari, ba a taɓawa, ba a ɗaura komai a jiki. Wasu sababbin Hilux suna da jakar iska ta gwiwa a ƙasan sitiyari, daidai inda hannu ke son manna ziri. A duba tambarin SRS, alamar jakar iska, kafin a manna.

Wajen mannewa duka biyun ciwonsu ɗaya. Gam ɗin da ke bayan zirin ba ya jure zafin Abuja na watan Maris da Afrilu a motar da ta wuni a rana da gilashi rufe, ga ƙurar hunturu da ta riga ta kwanta a roba. A goge wurin da sifirit, ya bushe, a manna, sannan a ƙara ɗaurewa da igiyar roba mai zugewa. A gefen direba ba na wasa da wannan: zirin da ya saki ya faɗo tsakanin birki da kuloci a kan titin Kubwa ba abin dariya ba ne. Tunda motar gona ce, takalmi da laka da ruwan wanki, nemi mai rufin roba da aka rubuta wa IP65, alamar yana jure ƙura da feshin ruwa.

Launi ra'ayi ne, amma nawa shi ne fari mai ɗan ja-ja, wajen 3000K a ma'aunin launin haske. Shuɗi yana da kyau a hoto, amma ba ya nuna maka abin da ya faɗi a kan baƙin kafet, kuma idan yana kunne kana tuƙi da dare yakan dawo a gilashi ya rage maka ganin hanya. Mai walƙiya ja da shuɗi kuwa, ban ga dalilin da mutum zai ja wa kansa dogon bayani a shingen binciken dare ba.

In da yaro ne ke son motarsa ta yi ƙyalli idan ya fita shan iska Jabi, ta soket zan ce ya saya, ya huta. Kai kuwa ta ƙofa za ka sa: ziri biyu gaba, biyu baya in mai ƙofa huɗu ce, launi ɗaya, fis nata daban. Kafin ka biya rewaya, ka sa ya rufe duk ƙofofi, ya zare makulli, ku jira minti ɗaya ko biyu, ka leƙa ta gilashi ka tabbatar ƙasan ya yi duhu. Sai ka buɗe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, har na baya, ka ga kowace ta kunna ta.