Kafireton injin wankin mota: sabon ɗan Chana ko tsohon Beljiyam?

Wa alaikumus salam Malam. Ka tambaya wane kafireto za ka saya wa injin wankin motarka, sabon ɗan Chana ko tsohon Beljiyam, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje. Tsakanin biyun nan da ka lissafa, ɗauki na Beljiyam ɗin in dai na asali ne. Amma kar ka yi saurin tashi zuwa kasuwa tukuna, don yadda ka ce sai da cok (hannun da ke rage wa inji iska lokacin tayarwa) injin yake aiki, da ka cire cok ya mutu, ni dai ina ga kafireton naka lafiyarsa ƙalau, datti ne kawai ya toshe masa jet, wato ɗan hujin da fetur ke bi, fetur ba ya hawa sosai, shi ya sa sai ka rage masa iska yake iya tsayawa. Ka fara sa a kwance shi a wanke, in ya ƙi sai a yi maganar saye.

Bari in gaya maka yadda na yi asarar nawa. Ina da ɗan wajen wankin mota ta wajen Bauchi Road a nan Jos, injina Honda GX200 ne, na hannu na saye shi. Farkon 2022 lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur ɗin nan mai methanol, gidajen mai duk layi, muka koma sayen na jarka a bakin titi, ba a jima ba inji ya fara wannan hawa da saukan, wuu wuu wuu kamar mai haki, ruwan bindigar feshi ya yi ƙarfi ya sake, ya yi ƙarfi ya sake. Ranar Asabar ce motoci sun yi layi, na kira wani yaro bakanike, ko buɗewa bai yi ba ya ce oga kafireto ya gama aiki sai sabo. Na ba shi kuɗi, ya dawo da wani fari tas yana ƙyalli a kwali mai kyau an rubuta Japan ɓaro-ɓaro, ya ɗaura, inji ya tashi bugu ɗaya, har da ƙara masa na shayi. Tsohon kuwa ya jefa a jakarsa ya tafi, ban ma kula ba. Wallahi har yau in na tuna sai in ji haushin kaina, don wancan da ya tafi da shi ƙirar kamfanin Keihin ne na asali wanda ya zo da injin, wanki kawai yake so.

Shi sabon mako uku ya yi lafiya. Daga nan muka fara zuwa da safe mu tarar da ƙasan inji jiƙe da fetur, allurar fulot ɗinsa, wadda ke tsayar da fetur in kofin kafireto ya cika, ba ta rufewa, su kuma yarana ba sa kashe makunnin mai in an tashi aiki, wannan kam laifinmu ne ba na kowa ba. Fetur ya dinga zurarewa cikin dare har ya gangara cikin baƙin mai, ranar da na zaro gejin na ga mai ya ƙaru maimakon ya ragu, ya tsinke kamar ruwa yana warin fetur, na ce innalillahi. Allah ya taimake ni na gani da wuri na juye na zuba sabo, don injin nan baƙin mai ɗinsa duka-duka wajen lita 0.6 ne, kaɗan fetur zai shiga ya ɓata shi. Hannun cok ɗin ma roba ce mara ƙwari, wata safiya da sanyi yaro ya ja ta ta karye a hannunsa, muka koma toshe bakin da tafin hannu kafin ya tashi. Fulogi kuwa kullum baƙi ƙirin.

To wani kwastomana mai lambu shi ya ce in je Dilimi in nemi wani dattijo da ke gyara musu injin ban ruwa. Ka san inji ɗaya ne, wanda masu lambun tumatir da kabeji suke jan ruwa da shi da rani, da na markaɗe, da namu na wankin mota, injin ɗaya ne, abin da aka ɗaura masa ne ya bambanta. Na je na same shi, na nuna masa ɗan Chanan, ya juya shi a hannu ya yi murmushi bai ce komai ba. Ya jawo wani tsohon bokiti cike da kafiretoci ya dinga tonowa, can ya ɗauko wani baƙi dukun-dukun wanda ni ko kyauta ba zan karɓa ba, ya goge gefensa da tsumma ya ce ɗana karanta nan. Keihin, kuma a jikin ƙarfen aka zuba sunan, ba takarda aka manna ba. Ya baje shi a kan faranti, ya kwance kofin ƙasa, ya zaro fulot da allurarsa, ya kwance babban jet da sukudireba, ya turo wannan siririn bututun tagullan da ke samansa mai ƙananan huji a jiki, sannan ya kwance sukurun silo, wanda ke saita gudun inji a hankali, ya ɓanɓaro ƙaramin jet ɗin roba da ke ɓoye a ƙarƙashinsa. Ya ce wannan ɗan abin shi ne yake sa inji hawa da sauka, kuma yaran yanzu ba su ma san yana nan ba. Ya zare silin waya guda ɗaya daga tsohuwar wayar wuta ya bi hujin ɗaya bayan ɗaya, yana ɗagawa sama yana leƙen haske, ya hura, ya wanke da fetur mai kyau, ya sa sabon fakin (gasket ɗin da ke hana yoyo) da sabuwar allura. Na ce Baba ba za ka ɗan buɗa hujin da allurar ɗinki ba ya fi shan mai? Ya harare ni ya ce kai a Jos kake ko a Legas?

Sai daga baya na gane abin da yake nufi. Jos tana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, iskarmu ba ta kai ta ƙasa kauri ba, inji a nan dama fetur yana ɗan yi masa yawa a kan iskar da yake samu. Littafin Honda da kansa ya ce duk hawan mita 300 ƙarfin inji yana raguwa da wajen kashi 3.5 cikin 100, ka lissafa namu ka ga wajen kashi 14 ya tafi tun kafin ka ja igiya. Abuja ba ta kai rabin tsayinmu ba, shi ya sa mutum zai sayo inji a can yana ruri ya kawo nan ya ce an cuce shi. In ka ƙara faɗaɗa jet a garin nan sai hayaƙi da baƙin fulogi da shan mai, ga fetur yadda ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Kuma jet in ya faɗaɗa ya faɗaɗa ke nan, ba ya komawa.

Wannan baƙin na Baba shi ne a jikin injina har yau. Da sanyin Disamba ma, cok, bugu biyu ya tashi, minti ɗaya in mayar da cok ya zauna daram. Sau biyu na kwance shi na wanke da kaina, shi ke nan abin da ya taɓa ci min.

Ɗan Chana kuwa, to, yana aiki. Yana da araha, ko'ina akwai shi, in gobe jajibirin sallah ce motoci sun cika maka fili ka ɗaura shi ka ci kasuwarka. Sa'a ce kawai, wani ya shekara wani ko wata ba ya kaiwa. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, don masu sayar da kayan nan wasunsu ba sa tsoron Allah. Tunda sun gane mutane na neman Beljiyam, ɗan Chanan da ya mutu suke shafa wa baƙin mai da ƙasa su jefa cikin tsofaffi su ce maka yanzu aka sauke shi daga kwantena. Ka goge da kanka ka nemi sunan a jikin ƙarfen da lambobin da aka buga a gefe. Kwali kuwa kar ya ruɗe ka, kowa na iya buga Japan a kwali, su kansu injinan Honda ɗin nan da yawa a Tailan ake haɗa su. Wani kuma gangar jikin ta asali ce amma an kwashe kayan cikin an zuba na jabu, don haka a buɗe kofin a gabanka, in ka ga cikin ya yi farin gari yana ɓarɓashi, ruwa ya kwana a ciki ya cinye ƙarfen, ajiye musu kayansu. Ka kama sandar totur ɗin, wadda ke buɗe wa inji wuta, ka girgiza, in tana lilo gefe da gefe ta cinye, iska za ta dinga shiga ta nan, babu wankin da zai gyara wannan. Sannan a kula da na janareta, da yawa za su miƙo maka shi su ce ai duk ɗaya ne. Zai shiga kusoshin, amma yawancinsa ba shi da makunnin mai a jiki don na janareta a gindin tanki yake, hannun cok ɗin ma daban ne. Ka ce na injin ban ruwa kake so. Ka tafi da tsohon naka a leda a gwada su gefe da gefe, ku yi magana tun kafin ka biya cewa in bai yi ba za ka dawo da shi, kuma ko wa ya yi maka aikin, tsohon kafiretonka ka karɓi abinka ka sa a aljihu.

Ɗaurawar ba wani abu ba ne, sifana lamba 10 da filaya sun isa. Ka fara ɗaukar hoto da waya kafin ka taɓa komai, musamman wajen sandar gwamna (gwamna shi ne abin da ke daidaita gudun inji) da ɗan siririn sifirin da ke tare da ita, don nan ne mutane ke rikicewa. Kashe mai, cire hular fulogi, sauke iyakilina (matatar iska), noti biyu ne suka riƙe komai, ka zare tiyon mai ka toshe shi, ka jawo kafireton a hankali a kan kusoshin nan biyu, ka fara cire sifirin sannan sandar, kar ka lanƙwasa ta. Notin da ya ɗaure hannun gwamna a jikin inji kuwa kar ka kusance shi, in ka kwance shi gudun injin ya rikice sai ka nemo Baba. A baya akwai wata baƙar roba mai kauri tsakanin kafireto da kan inji, fakin gaba fakin baya, ka duba ta da kyau, in ta tsage iska take sha ta nan, kuma alamarta iri ɗaya ce sak da taka, sai da cok. Mutum sai ya sayi kafireto uku a banza alhali wannan robar ce. Fakin sabo za ka sa, ka lura da ƙaramin hujin da ke jikinsa ya dace da na kafireton, kar ka shafa gam, notin kuma ka ɗaure su daidai wa daida ba da ƙarfin tuwo ba.

Kuma don Allah ka wanke tanki. In tsatsa da ruwa na cikinsa, ko daga Japan aka aiko maka da sabo a jirgi kwana bakwai ya toshe. Akwai ɗan rariya a inda mai ke fita daga tankin, akwai kuma ƙaramin kofi a ƙasan makunnin mai da datti ke taruwa, duk ka zubar. Mu masu wanki ruwa ne abokin gabarmu, yaro zai juya bindiga ya fesa wa injin kansa wai yana wanke shi, ruwa ya bi ta iyakilina da murfin tanki. Ni yanzu na ja injin nesa da inda ake feshi, fetur kuma sai na tace da kyalle, in an tashi aiki a kashe makunnin mai a bar shi ya shanye na cikin kofin.

Wani abu kuma, in ka ga inji na aiki lafiya amma da ka saki bindiga ya shaƙe ya mutu, ko igiya ta yi tauri ta ƙi jawuwa, wannan ka bar kafireto ya huta, bawul ɗin da ke sauke ƙarfin ruwa a jikin famfo ne ya maƙale. Ka riƙa matse bindigar lokacin tayarwa, kuma kar ka taɓa tayar da shi don gwaji ba ruwa a famfon, garin gyaran kafireto sai ka ƙona abin da ya ninka shi tsada. In kuma yana mutuwa haka kawai ba dalili, duba baƙin mai, yawancinsu suna da abin da ke kashe inji in mai ya yi ƙasa ko an ajiye shi a karkace.

Ka turo hoton gefen kafireton da lambar da ke jikin injin. In 168F ne, wato mai ƙarfin doki 6.5 ɗin nan na Chana, kafireton Honda GX160 ko GX200 yana hawa kansa. In babban ne mai ƙarfin doki 13, GX390 ko 188F, nasa ya fi girma, kar a haɗa ka da ƙarami.