Sharhi a Kan Katin Daidaita Launi na ColorChecker Bayan Wata Takwas Ina Aiki da Shi

Sana'ata ɗaukar hoto ce a cikin birnin Sakkwato, kuma mafi yawan aikin da nake samu a 'yan shekarun nan daga wajen dukawa yake zuwa, waɗanda ke son a ɗauki jakunkuna da takalma da tumtum domin su tallata su a Facebook da Instagram. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ketare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, kaya ce mai wuyar ɗauka, musamman idan an jeme ta da bagaruwa aka rina ta da karan dafi, domin wannan jan yakan sauya kama a idon kyamara da zarar haske ya ɗan gusa.

A hunturun bara wani baduku ya kawo mini jakunkuna sittin masu rini iri ɗaya, na ɗauke su cikin kwana uku a inuwar shagona. Da na jera hotunan a kwamfuta sai na ga na safe sun yi duhu kamar ƙasa, na rana sun karkata zuwa ruwan goro, na ranar da hazo ya sauko kuwa sun yi fari-fat kamar an barbaɗa musu toka. Wata mai saye ta mayar da jaka saboda ba launin da ta gani a hoto ba ne, kuma wannan asara ta dame ni ƙwarai, domin mutumin ya ba ni amanar kayansa. Wannan ne ya sa na sayi katin ColorChecker ƙarami, irin wanda ke cikin 'yar akwatin roba mai shiga aljihu.

Katin yana ɗauke da murabba'ai 24 masu launuka da aka auna, layi huɗu na shida-shida, kuma layin ƙarshe yana tafiya daga fari zuwa toka-toka har baƙi. Tun 1976 ake amfani da wannan tsari. Yadda nake aiki da shi shi ne, kafin in fara ɗauka sai in ajiye shi daidai wurin da jakar za ta zauna, in ɗauke shi a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, sannan manhajar da ke tafiya da shi ta kwatanta abin da kyamarata ta gani da ainihin launukan, ta fitar da ma'aunin gyara wanda nake ɗorawa a kan dukkan hotunan a manhajar gyaran hoto ta Lightroom. Daga nan nakan danna murabba'in toka-toka mai haske domin a daidaita fari, wato farin abu ya fito fari a hoto, in kwafe wannan saiti zuwa sauran hotunan da aka ɗauka a haske guda. Aikin da a da yakan cinye mini dare biyu ina gyara da ido, yanzu tsakanin la'asar da magariba nake gama shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya kama jan. Daidaita fari kaɗai yana kawar da shuɗin inuwa ko rawayar ƙwan lantarki, tunda a ma'aunin launin haske da ake kira Kelbin, hasken rana tsaka yana kusa da 5,500, na inuwa ya kai 7,000 ko fiye, na tsohon ƙwai mai zare kuma kusan 2,700, amma ba ya hana kyamara zuzuta ja har ya wuce yadda yake a zahiri. Ma'aunin da aka fitar daga katin ne ya dawo da jan karan dafi mazauninsa, har badukun nan ya ɗora jaka kusa da allon kwamfutata ya ce, “Malam, yanzu kam ita ce.”

Sai dai ya kamata mai sayen katin ya san iyakar abin. Katin ba zai yi amfani ba idan an bar kyamara tana zaɓar haske da kanta, saboda za ta haskaka baƙar jaka ta dushe fara. Dole a kulle ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, da faɗin ƙofar haske da saurin ɗauka da hannu. Haka kuma duk lokacin da haske ya sauya, ko hazo ya ƙaru ko aka ɗauke wuta aka koma janareta, sai an sake ɗaukar katin, kuma haɗa hasken taga da na ƙwai a wuri guda yana ɓata lissafin gaba ɗaya. Murabba'an ba sa son yatsa ko gumi, ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu kuwa suna buƙatar a riƙa rufe akwatin nan take, kuma masu ƙera shi suna ba da shawarar a sauya shi bayan kamar shekara biyu.

Kuɗinsa da nauyi ga mai ƙaramin jari, don haka mai ɗaukar hoton biki ko suna zai iya wadatuwa da katin toka-toka mai mayar da kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa, wanda ya fi araha nesa ba kusa ba. Ga mai ɗaukar fata ko atamfa ko hular da ake saye saboda launinta, ina ganin ya cancanci kuɗinsa. Abin da ya rage a wajen ikonsa shi ne allon wayar mai saye, wanda kowace waya ke nuna nata jan, shi ya sa nake roƙon dukawan da nake yi wa aiki su aika wa duk mai son sari da ɗan yankin fatar tare da hotunan kafin a yanke ciniki.