csv, loadtxt ko read_csv, wanne ya dace da fayil ɗin makin ɗalibai?

Ɗan'uwa, ka ce kana da fayil na CSV (wato wanda waƙafi ke raba bayanansa) mai ɗauke da suna, lambar waya da makin ɗalibai, kana so ka zuba shi cikin jeri a Python amma ka rasa wanne za ka kama tsakanin csv, NumPy da pandas, kayan aikin Python uku masu iya karanta irin wannan fayil. Toh abin da ke cikin fayil ɗin shi zai yanke hukunci.

Shi csv tare yake zuwa da Python, ba sai ka sauke komai ba. csv.reader zai miƙo maka kowane layi daban, amma fa komai rubutu ne a wajensa, ko 75 ɗin da kake gani sai ka juya shi da int ko float da hannunka kafin ka yi lissafi. Kyansa ya san waƙafin da ke cikin alamar zance, abin da split bai sani ba, shi ya sa kar ma ka fara yanka layi da split in akwai adireshi a ciki. Kuma don Allah ka sa encoding="utf-8" wajen buɗewa, in ba haka ba a Windows sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ sai su fito a hargitse, in kuma Excel ne ya fitar da shi a CSV UTF-8 to utf-8-sig za ka sa.

numpy.loadtxt kuwa lambobi zalla yake tsammani in ba ka canza masa nau'in bayanan ba. In ba ka gaya masa ba ɗauka yake sarari ne ya raba bayanan, dole ka sa delimiter="," da skiprows=1 ya tsallake layin farko mai sunayen kolum. Yana cin karo da suna ko gurbin da ba komai, misali yaron da bai zauna jarrabawa ba, zai tsaya cak ya jefo maka ValueError. genfromtxt, shi ma na NumPy, ya fi shi haƙuri, cike gurbin yake da NaN, wato alamar cewa babu lamba a nan, ya wuce.

Naka fayil ɗin tunda gauraye yake, gaskiya pandas.read_csv nake ba ka shawara, layi ɗaya ya karanta komai, ya gane suna ya gane maki, guraben ma bai damu da su ba. Amma ga inda mutane da yawa ke faɗawa, lambar waya da ta fara da 080 ko 070 ɗaukarta yake lambar lissafi sai ya cinye sifirin farko ba tare da ya ce maka uffan ba, kai kuma sai ranar tura wa iyaye saƙo za ka gane. Ka sa dtype, wato nau'in bayanin wannan kolum, ya zama str (rubutu) tun wajen karantawa.

In jerin NumPy kake buƙata a ƙarshe, ware kolum ɗin maki kaɗai ka kira to_numpy a kansu, sunaye da wayoyi ka bar su a teburin pandas ɗin.