Daga Kaduna Zuwa Jidda: Wace Hanya Ta Fi Dacewa da Mai Umara?

Tsakanin Kaduna da Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,600 ta sama, wadda jirgin da ya miƙe kai tsaye zai ci cikin awa 5 ko kusa da haka. Sai dai in ba lokacin jigilar alhazai ba, mai niyyar umara daga Kaduna yawanci sai ya dangana da Kano ko Abuja kafin ya hau jirgi, don haka lissafin da ya kamata ya yi shi ne na lokacin da zai ɓata tun daga ƙofar gidansa.

Wanda ya zaɓi Kano zai yi tafiyar kusan kilomita 230 a mota ta Zariya, amma daga can Jidda ta fi kusa, domin kilomita 3,400 ne kawai. Wanda ya zaɓi Abuja kuwa yana iya shiga jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, sannan ya nemi motar da za ta kai shi filin jirgin Nnamdi Azikiwe.

Tikitin da ake yada zango da shi, ta Alkahira ko ta Addis Ababa, sau da yawa ya fi sauƙin kuɗi, amma rahusar tana da nata farashi. Daga Abuja zuwa Addis kaɗai ana shafe kusan awa 5, a ƙara sama da awa 2 zuwa Jidda, ban da zaman jiran jirgi na biyu, wanda wani lokaci yakan cinye rabin dare. Saurayi zai iya jurewa a kan kujerar filin jirgi, ya tada kai da jakarsa. Amma duk wanda zai tafi da mahaifiyarsa mai ciwon gwiwa, a ganina gara ya ƙara kuɗi ya sayi na kai tsaye. A kuma tuna cewa tun ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023 jirage da dama suke kauce wa samaniyar ƙasar, abin da yake ƙara tsawon tafiyar.

Agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa 2, kuma lokacin sauka da aka rubuta a tikiti na can ne, ba na Najeriya ba.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne batun harami. Mai sauka Jidda da nufin wucewa Makka, wadda take kimanin kilomita 80 daga nan, dole ya ɗaura haraminsa kafin jirgi ya ƙetare miƙati, wato iyakar da aka shata don ɗaukar harami, shi ya sa za ka ga maza sun fito daga ɗakin jira cikin farin mayafi da silifa tun kafin a kira shiga jirgi. Mai sauka Madina kuwa zai yi ziyararsa cikin kayansa na gida, sai ranar tafiya Makka ya yi niyya a Zulhulaifa, miƙatin mutanen Madina, kuma yana iya bin jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018. Saboda haka kafin a biya wakilin tafiya, a tambaye shi birnin da jirgin zai sauka da kuma awannin jira a zango.